Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Darasi Daga 'Yan Sandan Sitka

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na kai wa wani malamina sunan littafin da nake son in nazarta a kundin digirina. Ya dubi takardar, ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya ce, "Kai kuwa duk littattafan duniya ka rasa wanda za ka ɗauka sai labarin 'yan sandan wata ƙasa da Allah bai halitta ba? Namu na gaske sun ishe mu ciwon kai." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai saboda namu na gasken nake son in karanta na ƙaryar." Ya yi dariya, ya miƙo mini takardata. Ɗalibi ba ya ja da mai riƙe da alƙalamin sakamakonsa, don haka na sauya batu, na gama karatu, na karɓi shaidata. Amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi, kuma wannan maƙala ita ce amsar da ban samu bakin bayarwa ba a ofishinsa.

Littafin shi ne The Yiddish Policemen's Union na marubucin Amurka Michael Chabon, wanda ya fito a 2007 ya kuma lashe kyaututtukan Hugo da Nebula. Da'awata a kansa kashi biyu ce. Ta farko, rundunar 'yan sandan da Chabon ya ƙirƙira ta fi rahotannin kwamitoci da yawa bayyana abin da ke lalata aikin ɗan sanda. Ta biyu ta fi ɗaci: masu cewa ɗan sandan gida shi ne maganin zalunci, da masu cewa sai wanda aka turo daga nesa ake iya amincewa da shi, duka suna kewaye tambayar da ta fi muhimmanci. Tambayar ita ce, ranar da babba ya ce a rufe fayil ɗin gawar wani marar gata, me zai hana a rufe?

Ƙasar da ba a taɓa yi ba

Sitka gari ne na gaske a tsibirin Baranof da ke kudu maso gabashin Alaska, mai mutane ƙasa da dubu goma. A nan ne Rasha ta miƙa wa Amurka Alaska ranar 18 ga Oktoba, 1867, bayan cinikin dala miliyan 7.2. Akwai kuma wani guntun tarihi da mutane da yawa ba su sani ba. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, sakataren harkokin cikin gida na Amurka, Harold Ickes, ya goyi bayan shawarar a buɗe Alaska ga Yahudawan Turai masu gudun 'yan Nazi. An rubuta rahoto a kan haka, wanda aka fi sani da Rahoton Slattery, aka kai ƙuduri gaban majalisa a 1940, amma ya mutu a can. Cikin waɗanda suka yaƙe shi har da Anthony Dimond, wakilin Alaska a majalisar.

A wannan mahaɗa Chabon ya karkatar da tarihi. A littafinsa mota ta kaɗe Dimond ya mutu, ƙuduri ya wuce, jiragen ruwa suka yi ta sauke 'yan gudun hijira a gaɓar Alaska. Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe suka zama miliyan 2 maimakon miliyan 6. Ƙasar Isra'ila ta rushe a 1948, watanni kaɗan bayan kafa ta. Aka ba Yahudawan Alaska wani yanki mai cin gashin kansa, Gundumar Tarayya ta Sitka, aro na shekara 60 kacal. Harshensu Yidish ne, yawansu ya haura miliyan 3, suna da jaridunsu da kasuwanninsu da ɓarayinsu da 'yan sandansu. Labarin ya buɗe ne a ƙarshen 2007, saura wata biyu wa'adi ya cika. Ranar 1 ga Janairu, 2008, yankin zai koma hannun jihar Alaska, kuma yawancin mazaunansa ba su san inda za su nufa ba.

Hikimar wannan shiri ita ce ya tuɓe wa ɗan sanda duk wani abin da yakan fake da shi. Ba ya jiran ƙarin girma, domin rundunar kanta mutuwa za ta yi. Ba ya tsoron bincike, domin masu binciken suna haɗa kayansu. Ko yabo ba ya tsammani, domin jama'ar da za ta yabe shi tana neman takardar izinin zama a wata ƙasa. Idan ya yi aiki a irin wannan hali, to, mun ga ainihin abin da ke sa mutum yin aikin. Idan ya ƙi, mun ga abin da dama yake yi wa biyayya. Babu masanin zamantakewar da zai iya shirya wannan gwaji da mutane masu rai. Marubucin ƙagaggen labari ne kaɗai yake da ikon rushe ƙasa don ya ga halin ɗan sandanta.

Gawar ɗaki mai lamba 208

Meyer Landsman jami'in binciken kisan kai ne, mashayi, wanda aurensa ya mutu, yana kwana a wani ruɓaɓɓen otal mai suna Zamenhof, sunan mutumin da ya ƙirƙiro harshen Esperanto. Wata rana da dare mai kula da otal ya tashe shi, ya ce an harbe wani baƙo a ɗaki na 208. Mamacin ya yi rajista da sunan Emanuel Lasker, sunan wani shahararren gwanin wasan ces, wato darar Turawa, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921. Sunan aro ne ke nan. Mutumin mashayin hiroyin ne, ba shi da kowa, kusa da gawarsa kuma akwai allon ces da aka bari ba a gama wasa ba.

Washegari Landsman ya tarar an naɗa masa sabuwar shugaba, tsohuwar matarsa Bina Gelbfish, ta kuma zo da umarni daga sama. Hukumomin Amurka masu karɓar yankin ba sa son su gaji tarin shari'o'in da ba a warware ba, don haka a share teburi kafin ranar miƙa mulki. Wanda za a iya liƙa wa wani, a liƙa. Wanda ba za a iya ba, a sa masa alama a jefa shi cikin akwatin mantuwa. Fayil ɗin mutumin otal yana cikin na farko da aka yanke wa wannan hukunci.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan, domin duk gardamata a kan wannan umarni ta ginu. Babu wanda ya ce wa Landsman ya karɓi cin hanci ko ya doki wani. Abin da aka nema a wurinsa mai sauƙi ne, kuma yana da kamannin hankali: ƙasa tana rushewa, mutum miliyan 3 suna cikin zullumi, wa yake da lokacin mashayi ɗaya da ya mutu a ɗakin haya? Bina kanta ba azzaluma ba ce, ƙwararriya ce mai bin ƙa'ida, wadda take ƙoƙarin ceto abin da zai cetu. Ta haka lalacewar 'yan sanda take shigowa a mafi yawan lokuta, da takarda mai hatimi da dalili mai daɗin ji. Mu da muka saba ɗora laifi a kan kurtun da ke karɓar na goro a bakin hanya, mun manta cewa barnar da ake yi da biro a ofis ta fi tasa girma, domin shi kurtu naira kaɗan ya ci, mai biro kuwa ran mutum ya share daga lissafi.

Landsman ya ƙi. Dalilinsa na farko bai ma kai a kira shi aƙida ba: a gidan da yake kwana aka kashe mutumin, maƙwabcinsa ne, kuma abin ya taɓa masa zuciya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son 'yan sandan gida suke da ita, kuma ba zan ɓoye ta ba. Baƙon jami'i da aka turo daga wata jiha zai ga gawar a matsayin lamba. Landsman ya gan ta a matsayin mutumin da suke haɗuwa a matakala.

Amfanin ɗan gari

Littafin bai yi rowar nuna amfanin ɗan gari ba. Harshen aikin rundunar ma daga cikin al'umma ya tsiro. Jami'in bincike ana kiransa shammes, kalmar da asalinta take nufin mai hidimar ɗakin ibada. Bindiga kuma sholem, wato salama. Landsman da abokin aikinsa Berko Shemets, wanda ɗan'uwansa ne na jini, sun san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa da wadda ake tsayawa daga nesa a yi sallama. Da suka so sanin ko wane ne mamacin, sai suka nufi wani tsoho mai suna Itzik Zimbalist, wanda sana'arsa ita ce ɗaura igiyoyi da wayoyi a kan turaku don shata iyakar da masu tsananin riƙo da addini za su iya ɗaukar kaya a cikinta ranar Asabar. Saboda wannan aiki, tsohon ya san kowane lungu da kowace katanga, yana da taswirar da gwamnati ba ta da ita. Jami'in da bai san addinin mutanen ba, ko a mafarki ba zai yi tunanin tambayar mai ɗaura igiya ba.

A wurin wannan tsoho suka ji cewa mamacin shi ne Mendel Shpilman, ɗan shugaban ɗariƙar Verbov, yaron da tun yana ƙarami mutane suke neman albarkarsa, suna raɗa cewa shi ne wanda ake jira ya ceci zamaninsa. Nauyin wannan fata ya fi ƙarfinsa, ya gudu ranar ɗaurin aurensa, ya ƙare a ɗakin otal da allura a hannu. Gawar da aka ce ba ta cancanci bincike ba, ashe ta ɗan gidan da ya fi kowane gida ƙarfi a Sitka ce. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. Da mamacin ya tabbata ba ɗan kowa ba ne, shin binciken Landsman ya zama ɓata lokaci? Idan amsarmu e ce, to, mun koma sahun masu rufe fayil. Landsman ya fara aikinsa tun bai san sunan mutumin ba, kuma a wannan ɗan tsakanin, kafin ya sani, darajarsa take.

Illar ɗan gari

Karin maganar da na sa wa wannan maƙala tana da fuska biyu. Da ɗan gari akan ci gari: shi ne jagoran mai neman gaskiya, shi ne kuma jagoran mai neman cin amana. Ɗariƙar Verbov a littafin ƙungiyar masu aikata laifi ce sanye da rigar addini. Tana da tsibirinta, tana da dukiyarta, tana da mutanenta a cikin hukuma. Kowa a rundunar ya san haka, kuma wannan sanin ne ya sa ba a taɓa su. Ɗan sandan gida ya san ɓarawo, gaskiya ne, amma ɓarawon ma ya san shi, ya san gidan uwarsa da makarantar 'ya'yansa. Da Landsman ya matsa, ba a daɗe ba aka karɓe masa katin aiki da bindiga. Sauran binciken ya yi shi ne a matsayin mutumin da hukumarsa ta dakatar.

Misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Hertz Shemets, mahaifin Berko. Tsohon jami'in leƙen asiri ne wanda ya shafe rayuwarsa yana neman abu ɗaya, a ba Yahudawan Sitka izinin zama na dindindin. Babu mai shakkar kishinsa ga mutanensa. Amma a kan wannan kishin ne ya shirya harin bam a kan wani ɗakin ibadar Yahudawa, domin a zargi 'yan asalin yankin, ƙabilar Tilingit. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayukan 'yan Tilingit, cikinsu har da matar da ta haifa masa Berko. A ƙarshen littafin kuma sai ga shi Hertz ne ya harbe Mendel, bisa roƙon Mendel ɗin kansa. Wanda Landsman yake nema tun shafin farko, ashe ɗan gida ne, tsohon jami'in tsaro, wanda ya taso a gabansa.

Duk mai cewa kishin gida ya isa ya sa jami'i ya yi adalci, to, ya zauna ya yi mana bayanin Hertz Shemets. Son mutanensa bai hana shi zalunci ba, shi ne ma ya ba shi hujjar yin sa. Jami'in da ya ɗauki kansa mai ceton al'umma yakan ga doka a matsayin shinge a hanyarsa, kuma idan ya tsallake shingen sau ɗaya saboda al'umma, gobe zai tsallake shi a kan wani ɗan al'ummar.

Gidan wa?

Akwai tambayar da masu kirarin ɗan sandan gida ba sa son a yi musu: gidan wa? Sitka tana da masu ita kafin Yahudawa su sauka. 'Yan Tilingit mutane ne na gaske, sun yaƙi Rashawa a wannan wuri a 1802 da 1804. A littafin, 'yan gudun hijirar da aka zalunta a Turai sun zo sun matse su a ƙasar kakanninsu. Ga Bayahuden Sitka, rundunar gunduma garkuwa ce. Ga ɗan Tilingit, rundunar baƙi ce mai magana da harshen da ba ya ji. Su ma suna da tasu rundunar a ƙetaren iyaka, inda wani sufeto mai suna Willie Dick yake aiki, mutumin da ba ya ɓoye ƙiyayyarsa ga maƙwabtansa, amma ya taimaki Landsman saboda shi ma ɗan sanda ne da ba ya son a yi ɓarna a yankinsa a ce masa ya kau da kai. Berko kuwa, mai uwa 'yar Tilingit da uba Bayahude, yana ɗauke da iyakar nan a jikinsa.

Babu yankin da ya yi ƙanƙantar da za a rasa 'yan tsiraru a cikinsa. Ka yanka ƙasa gida 36, kowane yanki zai fito da nasa rinjaye da nasa 'yan tsiraru. Ka sake yankawa, haka za ka sake samu. A Nijeriya an san wannan tun kafin 'yancin kai. Kwamitin Willink, wanda Turawan mulki suka kafa a 1957 don ya saurari koke-koken ƙananan ƙabilu, ya ji ƙorafi mai yawa a kan 'yan sandan hukumomin gargajiya, kuma rahotonsa na 1958 ya karkata ga a riƙe rundunar tarayya a matsayin kariya gare su.

Na nesa ma ba waliyyi ba ne

Kada masu son komai ya fito daga babban birni su yi murna, domin littafin bai bar su ba. Da Landsman ya bi zaren har ƙarshe, sai ya iske wani sansani a ɓoye a yankin Tilingit, wanda aka yi wa lulluɓi da sunan gidan gyaran mashaya. A can wasu masu tsattsauran ra'ayi suke shirin tarwatsa Ƙubbatus Sakhra a birnin Ƙudus, kuma gwamnatin Amurka ta cikin labarin tana mara musu baya saboda nata dalilan na addini da siyasa. 'Yar'uwar Landsman, Naomi, matuƙiyar jirgin sama, a kan wannan sirri ta rasa ranta, aka kuma binne binciken mutuwarta daga sama. Wakilin gwamnatin tarayya, wani mai suna Cashdollar, ya zo da murmushi da tayin ciniki: ku yi shiru, a ba ku da iyalin Berko damar zama bayan an rushe gunduma.

Shugaban Verbov da Cashdollar ba su yi kama ba ta kowace fuska, amma buƙatarsu ga ɗan sanda iri ɗaya ce, a rufe fayil. Ɗaya yana da ikon unguwa, ɗayan yana da ikon ƙasa, kuma a cikin labarin hannunsu a haɗe yake. Saboda haka nake cewa gardamar gida da nesa, yadda ake yin ta, gardamar wa zai riƙe linzami ce. Talaka kuwa, ko wane ne a kan sirdi, shi ne a ƙarƙashin kofato.

Ɗamarar kakana

Ban karanta wannan littafi a matsayin baƙo ba. Kakana na wajen uwa ɗan doka ne, wato ɗan sandan En'e, a wata masarauta da ba sai na ambaci sunanta ba. Har ya rasu yana ajiye da ɗamararsa da usur ɗinsa a cikin adaka. Rundunarsu ta gaji dogaran sarki, ta yi aiki gefe da gefe da rundunar 'yan sandan Nijeriya da aka haɗe a 1930, har sojoji suka karɓi mulki a 1966 suka soma narkar da 'yan sandan En'e cikin na tarayya. Shi ma, kamar Landsman, ya yi aiki a rundunar da ta san kwananta ya ƙare.

Ina yaro yakan ba ni labarin yadda suke gane ɓarawon akuya da sawun ƙafa, da yadda ba a kwana biyu ba a kama mai laifi ba domin kowa sananne ne. Sai da na girma na tambaye shi zancen 'yan NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano a 1950. Na karanta yadda aka riƙa kama magoya bayanta ana gurfanar da su gaban alƙalai, da yadda aka ɗaure Hajiya Gambo Sawaba sau da dama. Na ce, "Kaka, ku ma kun kama su?" Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai yaro, wanda na fara sa wa ankwa, tare aka yi mana kaciya." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Sanin da ya sa yake gane ɓarawon akuya shi ne ya sa ya san ɗakin da abokinsa yake ɓuya.

Yau sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tilo ga ƙasa, yana shan suka, kuma sukar tana da dalili. Mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu ba za su ƙoshi da jawabi a kan haɗin kan ƙasa ba. Jihohin kudu maso yamma sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta kafa dakarun sa ido na al'umma a 2023, Zamfara ta kafa askarawanta a 2024. A ɗaya ɓangaren, zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta nuna abin da rundunar tarayya take iya aikatawa idan babu mai tsawata mata. Ba na adawa da kusanto da tsaro ga jama'a. Abin da nake ƙi shi ne a sayar mana da kalmar "gida" kamar laya, a ce da zarar jami'i ya iya harshenmu shi ke nan mun tsira. Kafin a ɗinka wa kowa kaki, a faɗa mana wa yake da ikon rufe binciken kisa, kuma gaban wa zai yi bayani idan ya rufe. A faɗa mana inda baƙo da ɗan ƙaramar ƙabila da ɗan adawa za su kai ƙara, wurin da albashin mai sauraronsu ba ya hannun wanda suke ƙara. A faɗa mana abin da zai kare jami'in da ya ƙi bin umarnin banza, domin ba adalci ba ne a gina tsarin da ba ya aiki sai an samu mai taurin kai irin Landsman wanda ba shi da abin asara.

Amsa ga Malam

Na san abin da malamina zai ce. Zai ce, to, me Landsman ya hana? Gaskiya ne, bai hana komai ba. An tayar da bam a Ƙudus yana kallo a talabijin, wa'adin gunduma bai ƙaru da kwana ɗaya ba, Mendel da Naomi ba su dawo ba. Allon ces ɗin da aka bari a ɗakin mamacin yana nuna wani yanayi da masu wasan suke kira zugzwang, inda dole ka motsa, kuma duk motsin da ka yi asara ne. Haka Landsman ya samu kansa. Amma a shafin ƙarshe, bayan an saye shirunsa, ya ɗauki waya ya kira wani ɗan jarida. Ba a gaya mana abin da ya biyo baya ba. Abin da muka sani shi ne mutum biyu da aka so a ce sun mutu haka kawai, yanzu an san wanda ya kashe su da dalilin kisan. Duk wanda ya taɓa zaryar ofishin 'yan sanda yana neman labarin ɗan'uwansa ana ce masa ya dawo gobe, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zai kuma ce labarin ƙarya ne. To, Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ɗauki jarumin da ya yaƙi Turawa a tarihi na gaske ya kai shi duniyar aljanu, kuma muna karanta shi a aji da girmamawa. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Adabinmu bai taɓa jin kunyar cewa "da a ce" ba, mu masu nazari ne muka koyi jin kunyar. Ina jiran ranar da wani marubucin Hausa zai zauna ya rubuta mana Arewar da ba a rushe 'yan doka a cikinta ba, ya sa gawar wani almajiri marar suna a bakin tasha, ya sa hakimi a gefe guda da jami'in Legas a ɗaya gefen, kowa yana cewa a binne a wuce, sannan ya nuna mana ɗan dokan da aka bar wa gawar. Irin wannan littafi zai yi wa majalisa amfani fiye da zaman jin ra'ayin jama'a da yawa, domin zai tilasta wa mai karatu ya tsaya a inda kakana ya tsaya, da ankwa a hannu da abokinsa a gabansa.

Ɗamarar tana wurina yanzu, mahaifiyata ce ta ba ni bayan rasuwarsa. Fatar ta bushe, ƙarfen ya yi tsatsa. Nakan ɗauko ta idan na ji ana musu a rediyo a kan 'yan sandan jihohi, wannan yana rantsuwa da ɗan gida, wancan yana rantsuwa da na tarayya, sai in ga babu ɗayansu da ya ambaci mutumin ɗaki na 208. Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne kundin da na so in rubuta maka.